Rajab Ɗin Babanku

Akwai wata magana da ta zauna a bakinku a gidan nan, wadda nake so ku ajiye kafin in bar duniya. Idan wani ya yi kuskuren lissafi, ko ya isa tasha bayan mota ta tashi, sai in ji kun kwashe da dariya kuna cewa, wannan ai Rajab ɗin Baba ne. Har jikokina da Hausarsu ba ta wuce ina kwana ba sun iya faɗinta. Ba na ganin laifinku, domin shi da kansa ya koya muku ita, ni kuma ina zaune ina jinsa ban ce uffan ba. Shekara da shekaru ina murmushi tare da ku, abin yana cina a ciki. Yau zan faɗa muku yadda aka yi. Wanda ba ya karanta Hausa a cikinku ya nemi mai karanta masa.

Ni a Jidda aka haife ni, kamar yadda aka haifi uwata. Kakanninmu aikin hajji ya kawo su, suka zauna. Na tashi ban san komai ba sai teku da rairayi da lungunan tsohuwar unguwar Balad, in an yi tafiya mai nisa kuma Makka. A wurinmu shekara kashi biyu ce. Akwai zafin da ke sa riga ta manne a baya tun kafin hantsi, akwai kuma 'yan watannin da muke kira sanyi, waɗanda su ne daɗin duniya: iska ta yi laushi, a fito da shimfiɗa kan soro, a yi biki, a kai ziyara. Duk abin da ɗan Jidda yake so ya yi da ƙafa, sai ya ce a bari sanyi ya shigo. Ku riƙe wannan, don a nan ne na kauce hanya.

Babanku, Malam Garba, ba haka ya tashi ba. Ɗan manoma ne daga ƙasar Hausa, ya zo ta Sudan yana saurayi. Kafin ya sami aikin dako a tashar jiragen ruwa, ya yi shekara guda cur yana bin wani mai jakuna da ke kai kaya ta tsohuwar hanyar dutsen Kara, wadda ke tashi daga bayan Arfa ta hau har Hada, kusa da Ɗa'if. Hanya ce ta duwatsu da aka jera tun zamanin da, wani wurin matakala, wani wurin siririn gefe da jaki ɗaya kawai ke wucewa. Wannan shekarar ita ce dukiyar babanku. Mutum ne mai ƙarancin magana, amma ranar Juma'a bayan la'asar, in ya zauna a kan soron gidan da muke haya ya jingina da bango, ya ɗauko zancen dutse, sai ka rantse wani ne daban.

Yakan ce hanyar nan ba ɗaya ba ce, huɗu ce, kowane lokaci da tasa. Da zafi, sai ka taka gindin dutsen kafin rana ta fito, in ba haka ba duwatsun ƙasa su soya maka tafin ƙafa, da rana kuma tsawa ta tare ka a sama. Lokacin da rumman da inabi suka nuna, hanya ta fi cika da jakuna, amma ba a zama a cikin kwazazzabo ko da sama tana tas, domin ruwan da aka yi a wani wurin yakan gangaro da duwatsu ba sallama. Da sanyi kuwa gajimare ke saukowa ya zauna a kan hanya, su mutanen can dabab suke ce masa, ba ka ganin hannunka, dutse ya yi santsi kamar an shafa masa sabulu, ruwan tulu ya wayi gari ya daskare. Duk wannan ya faɗa mini, ba sau ɗaya ba. Amma kunne yana da abin da yake so. Ni ta huɗun kawai nake jira.

"Ranar da muka hau cikin Rajab, Kulu," yakan ce, "tun muna kwanar hanya ta ƙarshe ƙamshi ya tarye mu. Ban ga fure ba tukuna, hancina ya riga idona. Ruwa kwance a ramukan dutse, mai sanyi, ka sha ka wanke fuska. Da muka kai sama, gonaki ne na wardi iya ganinka, mata da maza suna tsinka tun da sassafe suna zubawa a kwanduna. Jakunanmu ma sai da suka yi kwana uku suna ƙamshi."

"To yaushe za ka kai ni, Abu Usman?"

"In Allah ya yarda zan kai ki."

Wannan in Allah ya yarda ɗin ta yi kusan shekara goma tana yawo a tsakaninmu. Bana ina da ciki, baɗi ina goyo, wata shekarar jirage sun yi yawa shugaban 'yan dako bai sake shi ba. Ban cika damuwa ba, don alkawarin ma kansa daɗi gare shi. In zafi ya ishe ni ina bakin murhu, sai in rufe ido in hau dutsen a raina, in sha ruwan nan, in sauko in ci gaba da tuƙa tuwo.

Sai shekarar da 'yata Zainabu ta rasu. Usman da Habiba, ku kun san ta, sauranku sunanta kawai kuka ji. Shekararta uku. Ƙyanda ta kama ta a tsakiyar zafi, ɗakinmu kuwa taga ɗaya gare shi. Na jiƙa zane na rufa mata, kafin in juya ya bushe. Babanku ya ce da za a iya kai ta saman dutse, inda iska take, da ta ji sauƙi. Ya nemi a sake shi bai samu ba, aka ce a jira jirgin siminti ya gama sauke kaya. Jirgin bai gama ba yarinyar ta cika. Na san kwananta ne ya ƙare, na sani tun a lokacin. Amma zuciya ta nemi wanda za ta ɗora wa, wanda ke kusa kuwa shi ne.

Wata biyar ina zaune kamar an zare mini laka. Ranar da aka ce an ga watan Rajab, iskar Jidda ta yi daɗinta na sanyi. Na ce wa babanku ga Rajab, mu yi umara, daga nan mu wuce dutse. Ya dube ni, ya ajiye kofin shayinsa.

"Ba yanzu ba, Kulu. Rajab ɗin bana a tsakiyar sanyi ya faɗo. Wata yana tafiya, fure ba ya bin sa. Ki ba ni wata uku."

"Sanyin ne ai lokacin tafiya. Ko so kake mu hau da zafi?"

"Sanyin can ba irin na nan ba ne."

"Kai dai kullum da abin da za ka ce. Da bakinka ka ce Rajab. Ka yi ta bari, bari, har ƙasa ta rufe idon Zainabu ba ta shaƙi iskar da kake ba mu labari ba. Ni ma jira kake a binne ni?"

Na ga fuskarsa lokacin da maganar ta same shi. Har yau ina ganinta. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa yi ba. Ya dubi tabarma ya ce:

"Halas, shi ke nan. Ki shirya."

Maƙwabciyarmu Hajja Batul, Bahaushiyar Sudan mai sayar da ƙosai a bakin lungu, ita muka bar wa yara. Da ta ji inda za mu, ta saki matsamin da ke hannunta.

"Ya Kulu, hankalinki ɗaya? Hada a wannan lokaci? Mijina ya taɓa kwana can da sanyi, ya dawo leɓensa a tsattsage. Shi Malam da ya san wurin ya yarda?"

"Shi ya ce mu tafi," na ce mata. Wannan ce ƙaryata ta farko.

Ta biyun ta fi ta muni, kuma ita ce ban taɓa faɗa wa kowa ba. Babanku ya aro wata tsohuwar kwat mai kauri wurin abokin aikinsa, ya kuma kawo bargo mai nauyi ya ce in sa a ƙunshina, shi zai ɗauki ruwa da guzuri. Na ɗaga bargon na ji nauyinsa, na ce a raina wannan ai tsoron banza ne, wa ke hawan dutse da bargo? Na tura shi ƙarƙashin gado. A madadinsa na ninke wata farar rigar matashin kai na saka, da 'yar rigar Zainabu a ciki. Nufina in cika ta da furen wardi, in shanya, in ajiye a cikin kayan yarinyar. Ban gaya masa ba.

Muka shiga babbar mota daga tashar Bab Makka, muka yi umararmu, muka kwana wurin 'yan'uwa. Washegari wata motar kaya ta sauke mu a gindin dutse da hantsi. Rana tana haske, iska tana kaɗawa a hankali. Na dube shi da gefen ido, irin kallon na gaya maka. Shi kuwa sama yake kallo, inda wani farin abu ya kwanta a kan dutsen kamar an shanya auduga. Can nesa ana jin ƙarar masu fasa dutse, don a lokacin ake yanka sabuwar hanyar mota. Mai shayin da ke wurin ya ce yau ko masu jakuna ba su hau ba. Babanku ya juyo ya ce mini ko mu koma. Na wuce gabansa na fara taka matakala.

Ba zan ɓoye muku ba, rabin farko na hanyar nan shi ne mafi daɗin abin da na taɓa yi da ƙafata. Ni da ban taɓa hawa abin da ya wuce soro ba, sai ga duniya a ƙarƙashina. Ya nuna mini inda jakinsu ya taɓa zamewa, da dutsen da suke salla a kai, da birai zaune a jere suna kallonmu kamar surukai. Ya koya mini in taka dutse a tsakiyarsa, in bi gefen bango, kada in dubi rami. Har dariya na yi, ta farko tun rasuwar yarinyar. Ya ji, ya waiwayo, na ga ya ji daɗi.

Bayan azahar biran suka ɓace. Iska ta canja, ta fara shiga ƙashi. Kafin in gyara mayafina farin abin nan ya sauko ya rufe mu. Ina jin takunsa a gabana amma ba na ganinsa. Wani yayyafi mai kamar allura ya biyo baya, duwatsun suka yi santsin da ya faɗa, takalmin da na sa na yawon Balad ya fara gudu da ni. Haƙorana suka shiga haɗuwa, ban ma san jiki yana yin haka ba. Ya laluba ya kamo hannuna, ya ja ni ƙarƙashin wani dutse mai rumfa.

"Fito da bargon," ya ce.

Na tsaya. Ya karɓi ƙunshin ya kwance da kansa. Ya ɗago rigar matashin, 'yar rigar Zainabu ta zamo ta faɗo a kan gwiwarsa. Ya ɗauke ta, ya daɗe riƙe da ita. Na jira faɗa, wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi. Sai ya ninke rigar ya mayar, ya ɗaure ƙunshin, ya tuɓe kwat ɗin ya sa mini, ya ɓalla maɓallan har wuya kamar yana shirya yaro.

"Kai fa?"

"Ni na saba. Yalla, mu tafi, in muka tsaya a nan sai an ɗauke mu. Riƙe bayan rigata."

Haka muka ƙarasa, shi a gaba cikin riga ɗaya jiƙe sharkaf, yana laluben hanya da ƙafa da abin da ya tuna, ni a baya cikin ɗumi. Dama yana da ɗan tari na ƙurar siminti. Tun kafin mu kai sama na ji tarin ya sauya murya. Gab da magariba muka ji haushin kare, muka faɗa gidan wasu manoma. Matar gidan, wata dattijuwa, ta ja ni wurin wuta tana salati, mijinta ya lulluɓe babanku da fatar tumaki. Da ta ji abin da ya kawo mu, ta riƙe haɓa ta ce, wardi? Yanzu?

Da gari ya waye gajimaren ya ɗaga. Na fita ni kaɗai in ga gonakin da na yi shekara goma ina gani a mafarki. Sanduna ne. Layi bayan layi na guntayen sanduna masu ƙaya, an datse su har gwiwa, ƙasa ta yi fari da raɓar da ta daskare. Lokacin aske su ne, don su yi fure in sanyi ya wuce. Na durƙusa na shinshina ɗaya, ba ƙamshin komai. A nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da Zainabu. Dattijuwar ta zo ta tsaya a kaina, ta tsinci reshe guda cikin waɗanda aka yanke, ta naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma ta ba ni, ta ce in dawo bayan wata uku in ga uwarsa.

Kwana shida muka yi a gidan nan, babanku yana fama da zazzaɓi da ciwon haƙarƙari. Daga baya aka ɗora shi a jaki zuwa Ɗa'if, muka dawo ta doguwar hanyar mota. Ya tashi, amma ƙirjinsa bai koma daidai ba. Mutumin da ke saɓa buhu ya hau jirgi da gudu, sai ga shi yana hutawa sau biyu kafin ya kai soro. Ya bar dako ya koma gadin wani sito. Ranar da abokan aikinsa suka zo gaishe shi, Hajja Batul tana bakin ƙofa, ɗayansu ya ce, Malam, kai da ka san dutse, me ya kai ka? Ina bayan labule, hannuna ya tsaya a kan butar shayi.

"Lissafi ne ya kwance mini," ya ce yana dariya yana tari. "Na ga fure a Rajab, na ɗauka Rajab a tsaye yake yana jirana. Har bargo na manta. Na kusa kashe musu uwa."

Aka yi dariya. Daga ranar maganar ta shiga gari, daga gari ta shigo gida, kuka tashi kuka same ta. Sau ɗaya na ce masa zan faɗi gaskiya. Ya ce, Kulu, kin binne ɗaya, ba zan bari a riƙa nuna ki da baki ba, ki bar mini wannan. Na bar masa. Na ce don biyayya na yi, amma tsoro ne.

Reshen nan na dasa shi a garwa a kan soro. Ya yi ganye, ya kuma yi ƙaya sosai, fure dai ko ɗaya. Babanku yakan zuba masa ragowar ruwan alwalarsa, ya ce shi ma baƙo ne a Jidda, a yi masa haƙuri. Bayan wata uku bai iya hawa ko'ina ba, bayan shekara ma haka. Da aka buɗe hanyar mota ya ce in ya ji ƙarfi za mu je, ni ce kuma wannan karon nake cewa a bari. Shekara bakwai ya yi yana wannan tarin. Ya rasu cikin zafi, a ɗakin nan mai taga ɗaya. Ban shayar da garwar ba kwanakin takaba, itacen ya bushe.

Shekara ashirin da 'yan kai bayan hawanmu, wata rana Usman ya shigo ya ce, Ummi, ana ta tsinkar wardi a Hada, zo mu kai ki shan iska. Na tambaye shi wane wata muke ciki. Ya duba ya ce Rajab. Usman, ka tuna na shiga ɗaki na daɗe? Rigar matashin nan na ɗauko. Motarka ta haye cikin abin da bai kai sa'a guda ba dutsen da ya ci mana yini ya ci ƙirjin babanka. Muna kwanar hanya ta ƙarshe, gilashi a buɗe, ƙamshin ya shigo. Ban ga fure ba tukuna. Na ce ka tsaya, ka ɗauka jiri nake ji. Na fita na tsaya a bakin hanya, can ƙasa ina hango guntun tsohuwar matakalar, ciyawa ta fito a tsakanin duwatsunta, ruwa kwance a wani rami yana ƙyalli. Komai yana nan yadda ya faɗa, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Watan ya zagayo ya dawo kan furensa, mai ba ni labarin ne babu.

Na cika rigar matashin a ranar. Tana cikin akwatina, da rigar Zainabu a ciki, ƙamshin ya kusa ƙarewa. A ƙarƙashinta akwai bargo mai nauyi, wanda kuka sha tambayata me ya sa ba a rufa da shi, ba a kuma bayar da shi. Yanzu kun sani. Babanku bai taɓa ɓata lissafin wata ba a rayuwarsa. In wani ya yi kuskure a gidan nan kuka ga lalle sai kun yi dariya, ku ce Rajab ɗin Ummi ne. Ina raye, zan iya ɗauka.